Sha Ɗaya Cikin Ɗari

Na liƙa masa marafan kwalba goma sha biyu,
a gwiwa, a kafaɗa, a idon sawu,
da gam ɗin da na roƙo wurin mai faci a Mokoyo.
Ya ce, "Shekara arba'in ina fiɗa a mahauta,
yau ni aka yi wa shaida kamar bunsurun kasuwa."

Na jingina waya a bakin turmi.
Ɗan Ladi ya matse kalangu a hammata,
Kawu Illo ya tattare bakin riga,
ya taka.

Dare tara ina bin marafan nan a allon na'ura,
ɗigo bayan ɗigo, kamar mai tsintar gero a yashi.
Na ja ƙashi da layi, na ɗora masa nama,
na ɗinka rigar da ba ta san allura ba.
Ja, daga gashin akuyar garinmu na ɗebo shi,
rawaya daga man gyaɗar da Inna Cima ke matsa,
koren kuwa na lambun Gulbi ne
bayan ruwa ya janye.
Na jera fitilu a bayansa masu ƙyafta ido da kiɗa,
na dube su, na cire.
Sun mai da Kawu ɗan wata ƙasa.
Na bar masa inuwar bedi da katanga mai tsaga.

Sau uku kuran na ɗaukewa ya tafi da hannun hagu,
sau uku ina sake ƙera shi.

Sai kibiyoyi: hagu, dama, gaba, baya,
suna zubowa daga sama kamar ruwan indararo,
kowace da lokacinta, ba ta jiran kowa.
Ka taka daidai, allo ya yi fure.
Ka kuskure, ya ɗaure fuska.

Ran Juma'a da la'asar na shimfiɗa tabarmar waya a zaure,
yaran unguwa suka yi layi, dala biyar-biyar.
Barira, ƴar aji huɗu, ta ci tamanin da bakwai
ko zufa ba ta yi ba.
Kawu ya tuɓe takalmi,
ya dubi kansa a allo, ya ce masa sannu da aiki,
ya taka.

Sha ɗaya cikin ɗari.

Yara suka faɗi suna riƙe ciki.
Shi ko gezau. Ya nuna allon da haɓa:
"Wannan mutumin rawar Talata yake yi.
Ranar ƙuguna na ciwo,
Ɗan Ladi kuma bai karya ba.
Yau Juma'a."

Da dare na koma hoton farko, na bakin turmi,
ina ja da baya sannu-sannu.
Tsakanin taku na huɗu da na biyar
akwai inda ƙafarsa ke rataye a iska,
kunnensa a wurin kalangu,
kalangu kuma na jiransa,
kamar masu ciniki da ba wanda ya fara taya.
Ni na goge wurin da hannuna.
Na ɗauka tsufa ne.

Ban san yadda ake zana jira ba.
Abin da na iya shi ne na haƙa rami a cikin kibiyoyin,
bugu takwas, ba hagu ba dama,
na'ura ta rufe ido, ta daina ƙirga,
bedi da katanga kawai, da kiɗa.

Da Barira ta iso wurin sai ta tsaya cak,
ta waiwayo: "Tsahiru, abinka ya lalace."
Ban amsa ba.
Bugu na uku, kafaɗarta ta motsa ba ta aike ta ba,
na biyar, ƙafar dama ta ɗaga, ta ƙi sauka.

Kawu na bakin zaure yana ɓare goro.
Bai ko dubi allon ba.
Ya miƙa wa Ɗan Ladi ɓari ɗaya,
ya ce, "Ƴar wa ce wannan?"